Kawu da Ruwan Buta

Ranar da Kawu ya rasu, tsakar gidanmu da ke unguwar Hashimi ta cika tun kafin rana ta yi tsaka, amma ban taɓa ganin zaman makokin da mutane ke gudun haɗa ido irin wannan ba. Mutum zai shigo, ya durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ya ce, "Mama, sai haƙuri," idonsa na kan tabarma. 'Yan zumuntar mata sun zo cikin ankonsu, sun ɗora tukunya, sun tayar da waƙa, waƙar ta kai tsakiya ta mutu a bakinsu. Matasan da ke kaɗa jita a coci suka tsaya ƙofar gida suna danna waya, suna ce wa juna, "Kai, Dadi ya tafi fa." Babban dikin na ikilisiyarmu, wato shugaban dattawan da ke taimaka wa fasto, ya zo, ya zauna kan benci a zaure, ya kasa shiga ciki.

Wanda ya yi kuka a fili babu kunya shi ne maƙwabcinmu, Malam tela, Musulmi, wanda suka tsufa da Kawu suna musun addini a ƙofar shagonsa ba tare da ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Uwargida, Allah ya ba ku haƙuri. Ni dai shaidata guda ce. Mutumin nan bai taɓa cin naman kowa a gabana ba, har waɗanda suka ci nasa."

Kowa a tsakar gidan nan ya san su wa ake nufi, domin mu ne.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Uwata ta rasu ina ƙarama a ƙauyenmu can kudancin Kaduna, Kawu ya je ya ɗauko ni ya kawo ni Suleja, na tashi cikin 'ya'yansa, har na yi wayo ban san ba Inna ce ta haife ni ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, yaran da ke tasowa a cocinmu sun san shi ne kawai a matsayin tsohon nan na bencin baya, mai rera waƙa da ƙarfi yana kauce wa murya. Ba su san shi ne ya tara iyayensu a ƙarƙashin rumfar kwano ba, tun ikilisiyar ba ta da bango.

Da aikin koyarwa ya zo garin nan, daga baya ya tafi makarantar fastoci ya dawo. Shi ya sa tsofaffi har ya mutu Malam suke ce masa. Wa'azinsa gajere ne. Yakan ce, "In wa'azi ya wuce yunwar mai sauraro, ciki ne ke cewa amin." Bai son lasifika mai tsaga kunne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sujada, matasa suka ruga wajen janareto, sai ka ga yana murmushi yana cewa, "Ku bar shi. Yanzu za mu ji ko akwai masu yabo a ɗakin nan." In kwamitin bishara ya kawo shawarar a yi hayar mota a tafi wa'azi wata jiha, sai ya tambaye su ko sun san sunan mai gadin da ke kwana a ƙofar coci. Sau da yawa ba su sani ba.

Abu biyu ya kafa a zukatanmu a matsayinmu na 'yan Baftis. Na farko, ikilisiya ba ta fasto ba ce. In an zo yanke magana kowane mai bi yana da hannu ɗaya, kuma hannun fasto bai fi na mai tuyar ƙosai tsawo ba. Na biyu, baftisma. Ba a yi wa jariri, sai wanda ya ba da gaskiya ya furta da bakinsa. Kuma ba a yayyafawa, ba a zubawa, sai an nutsar da mutum gaba ɗayansa, domin alama ce ta binne tsohon mutum da tashin sabo. A kan wannan ba ya wasa. Babban dikin ɗinmu, yana saurayi, Kawu ne ya yi masa baftisma a kogi. Da ya ɗago shi sai ya ga gwiwar hannunsa ɗaya ba ta shiga ruwa ba, don tsoro ya sa ya ɗaga ta. Kawu ya ce, "Wannan hannun bai mutu ba tukuna," ya sake mayar da shi. Shekara da shekaru ana ba da labarin ana dariya, dikin ɗin da kansa ya fi kowa ba da shi.

Akwai labari ɗaya da Kawu bai taɓa bayarwa a kan mumbari ba. Ni ma sai da na girma na yi aure ya faɗa mini, wata ranar yamma muna ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro.

Yana matashin fasto, yakan hau keke zuwa wani ƙauye bayan Izom inda aka buɗe ƙaramin wurin sujada. Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane da ta karɓi bangaskiya a ƙarshen kwanakinta. Kafin lokacin baftisma ya zo ciwo ya kwantar da ita, ko zama ba ta iyawa. Ta aika a kira shi, ta ce ya yi mata a nan inda take kwance. Ya ce mata a bari ta ji sauƙi a kai ta kogi. Ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa ruwa ba ya ceton kowa, bangaskiya ce ke ceto, kuma tata ta riga ta isa, ko an yi mata ko ba a yi ba hanyarta a buɗe take.

"Ta saurare ni har na gama," in ji Kawu. "Sannan ta ce, 'Na ji, Malam. Amma jikokina sun ga ina zuba giya a gindin dutse duk rayuwata. Ina so su ga wannan ma.' Na ce mata Lahadi mai zuwa za mu duba. Da na koma sun riga sun binne ta."

Na ce, "Ai Kawu ba ka faɗa mata ƙarya ba."

Ya daɗe yana murza gyaɗa a tafin hannunsa. Ya ce, "Ko ɗaya. Ta ce mini tana jin ƙishi, na yi mata karatu a kan ruwa. Karatun kuwa daidai ne."

Wannan abin ya bi shi har tsufa. Ni a ganina shi ya sa ba ya iya cewa mara lafiya "sai gobe". In aka kira shi yana cin abinci, hannu yake wankewa.

Bayan ya yi ritaya ikilisiya ta kira sabon fasto, amma Kawu ya ci gaba da yin wa'azi lokaci-lokaci, yana kuma tsayawa tare da faston a teburin Jibin Ubangiji, inda ake raba wa masu bi gurasa da ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. A cikin waɗannan shekarun ne wata mata daga Garam, 'yar zumuntar matanmu, ta zo masa da kuka. Mijinta direban bas ne tsakanin Suleja da Abuja. Ɗan masu bi ne amma tun yana saurayi ya bar zuwa coci, ba a taɓa yi masa baftisma ba. Ya yi hatsari, ƙashin bayansa ya taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. An sallamo shi gida, likita ya yi gargaɗi kada a riƙa motsa shi, kuma ba wanda ke sa ran zai ga damina. A kan wannan gadon ya tuba, ya ce yana son baftisma.

Kawu ya je. Ya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowa, mutumin ya amsa da bakinsa a gaban matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta. Kawu ya ce a kawo ruwa. Matar ta fita a ruɗe, abin da hannunta ya fara kaiwa gare shi butar mai gidan da suke haya ce, tana ajiye a bakin ƙofa. Kawu ya karɓa, ya tallafi kan mutumin da hannun hagu, ya zuba masa ruwan. Wani daga cikin masu kallo ya ɗauka da waya, ba da mugun nufi ba, don murna. Kafin Kawu ya iso gida hoton ya zaga wayoyin 'yan ikilisiya duka.

Aka kira taron ikilisiya bayan sujada. Ina wurin. Ba zan ce waɗanda suka yi magana a kansa mugaye ba ne, domin ba mugaye ba ne. Babban dikin ya miƙe ya dubi Kawu.

"Baba, kai ka tsoma ni a kogi. Kai ka mayar da ni saboda gwiwar hannu. In ruwan buta ya isa, me ya sa ka mayar da ni? Gobe wata za ta kawo jaririnta ta ce a yayyafa masa, da wane baki za mu hana ta? Wannan ruwan shi ne sunanmu. In muka sake shi, mu su wane ne?"

Kawu ya miƙe yana dafe da benci. Ya ce, "Ɗana, ba ka faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na koya muku ke nan, kuma in aka ba ni aji gobe shi zan sake koyarwa. Buta ba ta binne mutum, na sani. Amma na tsaya a kan wanda ba zai iya zuwa wurin ruwa ba, na ga ko dai in bar ƙa'ida ko in bar mutum. Na taɓa barin mutum sau ɗaya. Ban ce ku mayar da abin da na yi doka ba."

Sabon faston, wanda kowa ya ga mafita yake nema, ya ce, "To Baba, ka ce kuskure ne kawai, magana ta ƙare a nan."

"Fasto, in na ce haka na yi ƙarya a ɗakin Allah. Kuma na gaya wa mutumin Garam cewa abin da aka yi masa wasa ne. Ba zan iya ba."

Aka ɗaga hannu. Mafi yawa suka yarda a dakatar da shi daga mumbari da kuma hidimar tebur, har sai ikilisiya ta sake duba maganar. Ba a kuma karɓi direban a matsayin ɗan ikilisiya ba. Mu tsiraru da muka ƙi, muka fito muna huci. Da yamma wasu maza suka zo gida suka ce masa ga wani shago babu kowa a ciki, ya fito su buɗe tasu ikilisiyar, rabin jama'a za su bi shi. Ya bari suka gama, ya ce, "Shekara nawa ina gaya muku ikilisiya ce ke da magana? Sai ranar da maganar ta faɗo kaina zan ce ban ji ba? Ku sha ruwa ku tafi gida. Mu haɗu ranar Lahadi."

Ranar Lahadi kuwa ya riga kowa zuwa. Ya wuce kujerar da ya saba zama a gaba, ya je bencin baya kusa da taga ya zauna cikin tsofaffi. Da aka zo Jibin Ubangiji, dikinonin da ya rena suka kawo masa faranti, ya miƙa hannu biyu ya karɓa kamar kowa.

Abin da ya fi ci mini rai ba hukuncin ba ne. Cewa aka yi "har sai an sake dubawa," kuma ba a sake dubawa ba. Ba wai an zauna an ƙi ba ne. Aka shiga ginin sabon ɗakin sujada, maganar rufi ta cinye taro bayan taro. Faston ya samu canjin wuri, wani ya zo wanda bai san farkon zancen ba, yana kuma tsoron tono shi. Rabin jama'armu a Abuja suke aiki, suna fita da asuba su dawo a gajiye, ana gama sujada kowa agogo yake dubawa. A tsarinmu kowane ɗan ikilisiya yana da ikon ya miƙe ya ce, "Ina maganar Baba?" Waɗanda suka ɗaga hannu a kansa kunya ta hana su. Mu da muka tsaya masa muka ce ai su suka ɗaura, su kwance. Haka shekaru suka yi ta tafiya, har ganinsa a bencin baya ya zame mana kamar can aka haife shi.

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi a kan wannan. Jikarsa za ta yi aure, tana so shi ya ɗaura, ba hali. Na same shi yana gyaran kekensa na da, wanda ya ƙi yarda a sayar. Na ce, "Kawu, kalma ɗaya ce fa. Ka miƙe ka ce a yi haƙuri. Wannan ba taurin kai ba ne? Kai ka koya mana tawali'u."

Ya ɗago ya dube ni, ransa a ɓace, abin da ban saba gani ba. "Ke ma? In haƙuri ne, kullum ina ba Allah haƙuri a kan tsohuwar bayan Izom. Wannan ita ce tubata, kuma ba ku tambaye ni ita ba. Wadda kuke nema ba ni da ita." Ya koma kan kekensa. Na juya zan tafi, sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kina tsammani ba na marmarin mumbarin nan? Duk ranar Asabar sai na shirya wa'azi a zuciyata."

A bikin ya zauna tare da iyaye, aka ba shi addu'ar rufewa a wurin cin abinci.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ya faɗi a tsakar gida da safe, ɓarin jikinsa ya mutu, magana ta tafi. Mutanen coci suka yi ta zuwa asibiti, kowa da abin da yake so ya faɗa masa, amma Kawu sai kallo. Babban dikin ya riƙe hannunsa ya daɗe, sannan ya fita.

Washegarin rasuwar, fasto ya kira taron gaggawa. A al'adarmu fasto in ya mutu ana shigar da shi ɗakin sujada, a ajiye shi gaban mumbari, 'yan'uwansa fastoci su ɗauke shi. To ga shi Kawu ya mutu yana dakatacce. Fasto ya ce abin da ya kamata shi ne a ɗage dakatarwar yanzu, kafin jana'iza. Ɗakin ya cika kamar ranar Kirsimeti. Hannuwa har sun fara tashi tun bai gama magana ba, kowa yana ɗoki.

Sai Inna ta miƙe. Ba a zaci za ta zo ba. A duk shekarun nan ban taɓa jin ta ce uffan a taro ba.

Ta ce, "Fasto, ku sauke hannuwanku. Lokacin da kuka ɗora masa yana da rai, ya ɗauka bai yi ƙorafi ba. Yanzu ya ajiye. Ba shi za ku sauke wa kaya ba, kanku ne, kuma ban yarda ku yi shi da arha haka ba. In kun ga dama ku shigo da shi, in ba ku ga dama ba ƙofar gidansa ta ishe shi. Amma in hannun naku na ƙaiƙayi, akwai mai rai a Garam. Bai mutu ba. Ko kun sani? Tun ranar da kuka yi taronku ba wanda ya taka ƙofarsa sai Malam, maigidana. Matarsa ta daina zuwa nan, ba wanda ya tambayi dalili. Ban aika musu da rasuwar ba. Ku je ku faɗa masa da bakinku."

Ta zauna. Gaskiyar magana, da yawa daga cikinmu mun ɗauka direban ya daɗe da mutuwa.

Ba a ƙara ɗaga hannu a kan komai ba ranar. Babban dikin ya ce shi zai je. Na bi shi domin na san hanya, tare da fasto da mata biyu.

Muka same shi a ɗaki guda, kwance kan katifa kusa da taga, ya rame, amma idonsa tar. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kalli bayanmu ta ƙofa.

"Ina Baba?"

Dikin ya durƙusa a gefen katifar ya faɗa masa. Mutumin ya juya fuskarsa bango. Ba ya iya ɗaga hannu sosai ya share ido, matarsa ce ta share masa da bakin zane. Can ya ce, "Shi ya sa. Na ce bai taɓa saɓawa ba." Matar ta yi mana bayani, ta ce duk farkon wata Kawu yana zuwa ya yi masa aski, domin masu aski ba sa son shigowa ɗakin mara lafiya. In ya gama ya yi masa wa'azi, shi kaɗai, cikakke, da gabatarwa da komai. Gashin kan mutumin kuwa ya taru.

Dikin ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce wa matar, "'Yata, akwai reza?"

Ta kawo. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da ragamar taronmu, na gan shi yana laluben inda zai fara askin. Direban ya ce, "Daga ƙeya Baba yake farawa." Ya koma ƙeya.

Ana cikin haka direban ya ce, "Baba dikin, in tambaye ka. Ni ɗan ikilisiya ne, ko ba ni ba ne?"

Fasto ya buɗe baki zai amsa, dikin ya riga shi. "Ɗan'uwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu ban sani ba. Abin da na faɗa a taron nan, har yau ban ga inda ya karye ba. Amma zan miƙe in tambaya a taro mai zuwa, da bakina. Kuma ko an amsa ko ba a amsa ba, farkon wata ina nan."

"To," in ji mutumin. "Ka kula da kunne."

An shigar da Kawu ɗakin sujada, fastoci suka ɗauke shi, ba wanda ya tambayi izinin kowa. Dakatarwar tana nan ba a ɗage ba, Inna ta ce a bar mana ita. Maganar direban kuwa an tayar da ita, an yi musu mai zafi, an ɗage, an sake tayarwa, har yau ba a gama ba. Amma yanzu ba taron da ake tashi ba a ambace ta ba.

Allah ya ba Kawu hutun da muka hana shi. Mu da muka rage, ya gafarta mana jinkirinmu.